Kuɗin Kansiloli da Ƙungiyoyin Agaji a New York: Abin da Badaƙalar 2008 Ta Gyara da Abin da Ta Bari

A ranar 3 ga Afrilu, 2008, jaridar New York Post ta fito da labarin da ya girgiza majalisar birnin New York. A cikin kundin kasafin kuɗi, wurin da ake jera ƙungiyoyin agajin da majalisa ta ware wa tallafi, an tarar da sunaye da dama waɗanda babu su a doron ƙasa. Ba ofis, ba ma'aikaci, ba rajista. Ba su taɓa ciyar da tsoho ko koyar da yaro ba. Ma'aikatan sashen kuɗi na majalisar ne suka ƙirƙire su, suka ba su sunaye masu kama da na gaske, wannan ta tsofaffi, waccan ta baƙi 'yan ci-rani, wata ta tsofaffin sojoji, irin waɗanda ido zai bi ta kansu ya wuce. Da aka bi lissafi, kuɗin da aka rubuta wa waɗannan ƙungiyoyin bogi tun daga 2001 ya haura dala miliyan 17.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka an yi sama da faɗi da kuɗin ne kai tsaye. Ba haka abin ya kasance ba, kuma wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a nazarce shi. Sunayen bogin ma'ajiya ce. Ana ɓoye kuɗi a ƙarƙashinsu lokacin da ake zartar da kasafi a watan Yuni, sai can tsakiyar shekara a ciro a ba ƙungiyoyi na gaske, waɗanda shugabancin majalisa ya ga dama, ba tare da an koma neman amincewar magajin gari ba, ba kuma tare da jama'a sun ga wa aka ba ko wane kansila ya nema ba. Akasarin kuɗin ya isa hannun ƙungiyoyin da ke aiki. Abin da aka sace shi ne damar da mai biyan haraji yake da ita ta sanin inda kuɗinsa ya nufa.

Kakakin majalisar a lokacin, Christine Quinn, ta ce ta gaji al'adar ne, ta ba da umarnin a daina a 2007, daga baya ta gano ba a daina ba. Masu gabatar da ƙara na tarayya da hukumar binciken almundahana ta birnin suka shiga maganar. Ba a taɓa tuhumar Quinn da wani laifi ba. Amma binciken da sunayen bogi suka buɗe wa ƙofa bai tsaya a kansu ba, ya gangara cikin dukan tsarin da kansiloli ke bi su ba ƙungiyoyin unguwa kuɗi.

Asalin kuɗin

Majalisar birnin New York tana da kansiloli 51, kowanne da mazaɓarsa. Ƙarfin da take da shi a kan kasafi ba daɗaɗɗe ba ne. Kafin 1989 wata hukuma ce ta daban, wadda magajin gari da kwanturola (jami'in da ke sa ido kan kuɗin birni) da shugaban majalisa da shugabannin gundumomin birnin 5 ke zaune a ciki, take riƙe da wuƙa da nama a harkar kwangila da babban ɓangare na kasafi. A watan Maris na 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin hukumar ya saɓa wa kundin mulki, domin gundumar Brooklyn mai miliyoyin mutane ƙuri'a ɗaya take da ita, daidai da Staten Island wadda ba ta kai rubu'inta ba. Aka sake dokar birnin a wannan shekarar, aka rushe hukumar, ikon zartar da kasafi ya koma hannun majalisa.

Doka ta ce idan birni zai sayi aiki, sai an yi gasa, kowa ya kawo tayinsa. Amma ƙa'idojin kwangila na New York sun bar wata ƙofa: kansila na iya ambata ƙungiyar agaji da sunanta a cikin kasafi, a ware mata kuɗi ba tare da gasa ba. Ana jera waɗannan sunaye a wani kundi da ake kira Jadawalin C, wanda ke fitowa tare da kasafi a ƙarshen Yuni, shekarar kuɗi kuma ta fara ranar 1 ga Yuli. Majalisa ba ta biyan kowa da kanta. Takan miƙa sunan ga hukumar da abin ya shafa, ta matasa ko ta tsofaffi ko ta al'adu, ita ce za ta ƙulla kwangila da ƙungiyar ta kuma biya ta.

A shekarun da muke magana, abin da kansiloli ke rabawa ta wannan hanya ya kai kusan dala miliyan 50 a shekara, a cikin kasafin da ke kewayen dala biliyan 60. Bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. A idon baitulmalin birni ba komai ba ne. A idon wurin rabon abinci da ke ƙarƙashin wata majami'a ko masallaci, ko ƙungiyar wasannin yara, ko cibiyar da tsofaffi ke taruwa su ci abincin rana, dala 5,000 ko 10,000 ita ce tsakanin a buɗe ƙofa da a rufe ta.

Nan ne hujjar masu kare tsarin take, kuma hujja ce mai ƙarfi wadda bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Gasar kwangila tana son wanda yake da akawu, da lauya, da ma'aikacin da aikinsa kawai rubuta takardun neman tallafi. Manyan ƙungiyoyi suna da waɗannan. Matan unguwa su shida da suka haɗa kai suna koya wa sababbin zuwa Turanci da yamma ba su da su, kuma ba za su taɓa cin gasa ba ko da aikinsu ya fi na kowa. Kansilan da ke zaga mazaɓarsa ya san su. Jami'in da ke zaune a hedikwata bai sani ba, ba kuma laifinsa ba ne. Wannan ƙofar ita ce kaɗai hanyar da kuɗin birni ke bi ya isa irin waɗannan mutane. Sai dai ƙofar da ta isa mai gaskiya ya shige ba tare da an tsare shi da tambaya ba, ta isa wani ma ya shige.

Waɗanda suka shige

Makonni biyu bayan labarin jaridar, aka gurfanar da ma'aikata biyu na wani kansila daga Brooklyn da zargin karkatar da kimanin dala 145,000 daga wata ƙungiya da aka ce tana ba yara darasin bayan makaranta. Shi kansilan ba a tuhume shi ba. Abin lura a wannan shari'ar shi ne, hukumar kula da tsofaffi ta taɓa ƙin amincewa da ƙungiyar saboda alaƙarta da ma'aikacin kansilan, amma kuɗi ya ci gaba da zuwa mata ta hukumar matasa. Hannun dama na gwamnati ya ga matsala, na hagu bai ji labari ba.

Sai na kansilolin kansu. Miguel Martinez, mai wakiltar arewacin Manhattan, ya ajiye muƙaminsa a watan Yuli na 2009, ya amsa laifin satar sama da dala 100,000, ciki har da kuɗin da ya bi ta ƙungiyoyin agaji, aka yanke masa shekara 5. Hiram Monserrate daga Queens ya ware kusan dala 300,000 ga wata ƙungiyar da yake da iko a kanta, ya kuma amsa a 2012 cewa kimanin dala 100,000 daga ciki ta tafi ne wajen yi masa aikin takarar sanatan jiha a 2006. Ma'aikatan da ake biya da kuɗin agaji su ne ke yi masa rajistar masu zaɓe da tara sa hannun shiga takara. Ya sami shekara 2.

Shari'ar Larry Seabrook daga Bronx ita ta fi nuna yadda abin ke ruɓewa daga ciki. Zaman farko ya watse a ƙarshen 2011 saboda masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa cimma matsaya. A zama na biyu, a watan Yuli na 2012, aka same shi da laifuka 9, aka ɗaure shi shekara 5 a farkon 2013. Masu gabatar da ƙara sun nuna ya tura aƙalla dala miliyan 1.5 ga ƙungiyoyin da a takarda masu zaman kansu ne, alhali shi ke juya su, ya cika su da budurwarsa da 'yan'uwansa da abokai, ana biyansu albashi da kuɗin ba da shawara. Wani ɓangare na kuɗin an ware shi ne don koya wa marasa aikin yi sana'a, wani kuma don taimaka wa matasa baƙaƙen fata da sauran tsiraru su sami shiga aikin kashe gobara, aikin da aka daɗe ana kukan an mayar da su saniyar ware a cikinsa. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk lamarin. Ba baitulmali kaɗai aka cuta ba. Akwai saurayi a Bronx da aka karɓi kuɗi da sunansa, aka ce za a shirya shi ya ci jarrabawar aiki, bai ga abin da aka yi masa alkawari ba, kuma ba shi da hanyar sanin an taɓa ware masa wani abu.

Mutum huɗu ko biyar cikin kansiloli da dama da suka wuce ta majalisar a waɗannan shekaru ba su ne majalisa ba, ƙungiyoyi 'yan ƙalilan cikin dubbai kuma ba su ne ƙungiyoyin agaji ba. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma duk ƙa'idar da aka kafa daga baya an kafa ta ne da hoton waɗannan mutane a zuciya.

Gyaran farko

Mako guda bayan fallasar, Quinn ta kawo shawarar a mayar da kason da ke hannun kakaki ga gasa, hukumomin magajin gari su riƙa tantance masu nema. Kansiloli suka yi mata ca. A ganinsu wannan miƙa wa ɓangaren zartarwa ikon da majalisa ta sha wahala kafin ta samu ne. Ta janye. Abin da aka tsaya a kai shi ne tantancewa da bayyanawa. Ƙungiyar da za ta karɓi sama da dala 10,000 sai ofishin kwangiloli na magajin gari ya tantance ta tukuna. Dole ta nuna tana da rajista da sashen kula da ƙungiyoyin agaji na babban lauyan jiha, ko ta nuna doka ta ɗauke mata. Kansila da ƙungiya kowanne zai sa hannu a takardar bayyana ko akwai dangantaka ta jini ko ta kasuwanci a tsakaninsu. Aka taƙaita al'adar bi da kuɗi ta hannun wata ƙungiya zuwa wata. Aka wajabta wa shugabannin ƙungiyoyi halartar horo. Mafi muhimmanci, aka sa jerin a intanet, kowace ƙungiya da adadin kuɗinta da sunan kansilan da ya nema mata.

Wannan na ƙarshe shi ne gyaran da ya fi kowanne araha, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfani. Sunan bogi ba ya rayuwa a wurin da ɗan jarida ko maƙwabci zai iya dubawa ya ce, a wannan adireshin ai babu kowa. Ba a sake jin labarin ƙungiyoyin da babu su a kasafin majalisa ba.

Bai hana mai niyyar ɓarna gwadawa ba. A watan Afrilu na 2013, shekara biyar cif bayan fallasar, aka kama kansila Daniel Halloran daga Queens. Cikin laifukan da aka same shi da su a 2014 har da karɓar na goro don ya karkatar da kuɗin majalisa har dala 80,000 zuwa wani kamfani, bai san cewa waɗanda yake ciniki da su suna yi wa hukumar FBI aiki ba. Ya sami shekara 10, duk da cewa babban ɓangaren shari'arsa ya shafi wata maƙarƙashiya ce ta sayen tikitin takarar magajin gari.

'Yan mowa da 'yan bora

Akwai wata cuta da gyaran 2008 bai taɓa ba, ita kuwa ba ta saɓa wa kowace doka. A lokacin, kakaki ne ke yanke nawa kowane kansila zai samu ya raba. Akwai kason da kowa ke samu daidai, na matasa da na tsofaffi, amma sauran yana hannun kakaki. Sakamakon haka wani kansila kan tashi da ƙasa da dala 400,000 a shekara, wani kuma da sama da miliyan 1. Masu samun kaso mai tsoka su ne shugabannin manyan kwamitoci da na hannun daman kakaki.

A 2012 ƙungiyar Citizens Union, mai sa ido kan harkar mulki a birnin, ta fitar da nazarin da ya kwatanta abin da kowace mazaɓa ke samu da halin talaucin mazaunanta. Ba ta ga wata alaƙa ta kirki tsakanin biyun ba. Wasu daga cikin mazaɓun da suka fi talauci suna can ƙasan jeri, wasu masu hali suna sama. Kansiloli kuma sun fara faɗa a fili cewa ana hukunta su da wannan kuɗi. Peter Vallone ƙarami, daga Queens, ya ce an zaftare masa kaso bayan ya ƙi goyon bayan sa wa gadar Queensboro sunan tsohon magajin gari Ed Koch a 2011.

A duba wanda hukuncin ke faɗa wa. Kansilan da ya saɓa wa kakaki albashinsa na nan, ofishinsa na nan. Cibiyar tsofaffin da ke mazaɓarsa ce za ta rage kwanakin dafa abinci. Haka kuma abin yake a mataki na ƙasa: ƙungiyar da ta san kuɗinta na baɗi yana hannun mutum ɗaya za ta yi tunani sau biyu kafin ta fito ta soki matsayinsa a kan wani gini ko wata doka, ko da mutanen da take yi wa hidima ne abin zai cutar. Ƙungiyoyin unguwa su ne ya kamata su zama bakin talaka a gaban hukuma. Tsarin da ke koya musu yin shiru ya yi ɓarnar da ba za ta taɓa fitowa a takardar tuhuma ba.

Maganar ta shiga zaɓen magajin gari na 2013. Quinn, wadda aka daɗe ana ganin ita ce kan gaba, ta zo ta uku a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat, bisa dalilai da dama da wannan yake ɗaya daga cikinsu. Bill de Blasio, wanda ya ci, ya yi yaƙin neman zaɓe da cewa a soke kuɗin kansiloli ɗungurungum. Majalisa ba ta yarda ba. A watan Mayu na 2014, ƙarƙashin sabuwar kakaki Melissa Mark-Viverito, ta sauya ƙa'idojinta: kowane kansila zai sami kaso daidai da na ɗan'uwansa, dala 400,000 na ayyukan mazaɓa ban da na matasa da na tsofaffi, sannan a ƙara wa mazaɓu wani abu gwargwadon yawan matalautan da ke cikinsu. Aka kuma sa wa kason kakaki iyaka. Bai kawar da siyasa daga rabon ba, tunda har yanzu kakaki na da nasa jerin, amma ya karɓe bulalar da ake dukan mazaɓa guda da ita saboda laifin wakilinta.

Wanda ya biya kuɗin gyaran

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce an yi ɓarna, an kama masu laifi, an gyara. Amma duk wanda ya saurari masu tafiyar da ƙananan ƙungiyoyi a New York a yau, ba maganar sata zai ji ba. Maganar jira zai ji.

Ga yadda abin yake. Ƙungiya takan cika takardar nema a farkon shekara, wajen Janairu zuwa Fabrairu. A ƙarshen Yuni ta ga sunanta a Jadawalin C. Ranar 1 ga Yuli shekarar aiki ta fara, ana sa ran ta fara hidima. Amma suna a jadawali ba kuɗi ba ne. Sai majalisa ta gama tantance ta, ofishin kwangiloli ya wanke ta, hukumar da aka miƙa ta gare ta ta nemi tsarin aiki da kasafi da takardun inshora, a tsara kwangila, a sa hannu, sannan a kai wa kwanturolan birni ya yi mata rajista. Doka ta ba kwanturola kwana 30. Matakan da ke gabansa su ne ke cin watanni. Kafin rajista kuwa, birni ba ya sakin ko sisi. Bayan rajistar ma, tsarin na mayar da abin da aka kashe ne: ka kashe naka, ka kawo rasit, a biya ka.

Tunda ba a sanin sunayen sai kwanaki kaɗan kafin shekarar ta fara, kwangilar irin wannan tallafi a makare ake haihuwarta. Rahotannin ofishin kwanturola, a zamanin Scott Stringer da na Brad Lander, sun yi ta nuna cewa mafi yawan kwangilolin hidimar jama'a ana yi musu rajista ne bayan ranar fara aiki ta wuce, na tallafin kansiloli kuwa kusan dukkansu. Ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta gama aikin shekara guda cur kafin kuɗin wannan shekarar ya shigo.

A ɗauki misalin ƙungiyar da aka ware wa dala 10,000 don darasin yara bayan makaranta. Ba ta da ajiya. Malaman da ta ɗauka suna son haƙƙinsu a ƙarshen wata, mai ɗakin da ta haya ba ruwansa da rajistar kwanturola. Shugabar ƙungiyar tana da zaɓi uku: ta ci bashi da ruwa wanda birni ba zai mayar mata ba, ta zuba kuɗin aljihunta, ko ta jinkirta aikin har kuɗi ya zo, wanda ke nufin yaran wannan shekarar sun rasa. Akwai asusun lamuni marar ruwa da birnin ya tanada don cike wannan giɓi, kuma yana taimakawa, amma shi ma wata takardar nema ce da wasu sharuɗɗan, a kan mutumin da takardu suka riga suka yi wa yawa. Babbar ƙungiya mai kasafin miliyoyi tana da layin bashi a banki da ma'aikatan da za su bi fayil ofis-ofis. Ƙaramar, wadda domin ita aka buɗe wannan ƙofa tun farko, ita ce ba ta iya jira.

Ba ina cewa tantancewar ce kaɗai ta haifar da jinkirin ba. Jinkirin biyan ƙungiyoyi tsohuwar cuta ce a New York, ta shafi har manyan kwangilolin da aka ci ta hanyar gasa, kuma ƙarancin ma'aikata a hukumomi na da nasa kason. Amma kowane mataki da aka ƙara bayan 2008 an ɗora shi ne a kan hanyar da dama a cunkushe take, kuma an ɗora shi kusan iri ɗaya a kan mai karɓar dala dubu goma sha da mai karɓar dubu ɗari biyar. Seabrook bai rasa takardu ba. Mutumin da ke da iko da ƙungiya da ma'aikata da lauya ya fi kowa iya cika fom. Abin da ya kama shi da ire-irensa bincike ne na masu bin sawun kuɗi bayan an kashe, da masu zuwa su ga ko aikin na nan. Tarin takardun gaba kuwa ya fi tsare wanda ba shi da niyyar sata.

Hukumomin birnin sun san da wannan. A farkon 2022 magajin gari Eric Adams da kwanturola Lander suka fitar da rahoton kwamitin haɗin gwiwar da suka kafa kan biyan ƙungiyoyi a kan lokaci, kuma a wani gangami na mako 12 a wannan shekarar gwamnatin ta ce ta saki sama da dala biliyan 4.2 na kwangilolin da suka maƙale. Adadin kansa ya isa shaida: wannan kuɗi ne na aikin da ƙungiyoyi suka riga suka yi ko suke kan yi, suna ɗauke da nauyin birni mafi arziki a Amurka a wuyansu. Ba a daɗe ba fayiloli suka sake taruwa, domin gangami yana kwashe abin da ya taru ne, ba ya gyara hanyar da ke tara shi.

Gyaran da ya fi kusa da tushen matsalar ya zo ne daga shekarar kuɗi ta 2024, lokacin da aka fara ƙulla kwangilar shekara 3 da ƙungiyoyin da ke samun tallafin majalisa. Kansila na nan da ikonsa na ware kuɗi kowace shekara, amma ƙungiyar da aka sake ba ta ba sai ta koma farkon layi ba. Ga wadda ke samu shekara bayan shekara, wannan sauƙi ne na gaske. Sabuwar shiga kuwa tana nan a kan tsohuwar hanya. A 2025 kuma birnin ya sanar da gwajin biyan ƙananan tallafi, na dala 25,000 zuwa ƙasa, a matsayin kyauta kai tsaye maimakon kwangila, ga wasu zaɓaɓɓun ƙungiyoyi.

Wannan gwajin ya amsa abin da ya kamata a amsa tun 2008, wato tallafin dala 7,000 ga masu rabon abinci ba kwangilar gina gada ba ce, bai kamata ya bi hanyarta ba. Inda za a gane ko an yi da gaske shi ne abin da zai biyo bayan sakin kuɗin: ko birnin zai ɗauki mutanen da za su riƙa zuwa da ƙafarsu su ga ajin yaran da tukunyar tsofaffin, su kuma bi rasit bayan an kashe, ko kuwa zai saki kuɗin ya juya baya har sai wata badaƙalar ta fashe, a sake dawo da tarin takardu a kan kowa. Majalisa ta riga ta nuna tana iya wallafa wa aka ba da wanda ya nema masa. Abin da ya kamata ya zauna kusa da kowane suna a wannan jeri, inda kowa zai gani, shi ne ranar da aka ware kuɗin da ranar da ya shiga asusun ƙungiyar.